Ranar da Aka Ce Mu Yafe wa Gwaggo

Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma, sai dai Gwaggo ta riga mu tafiya. Ta rasu ranar Talata bayan azahar, a ɗakinta na gidanmu da ke Tudun Ƙofa, kanta bisa cinyata. Ban taɓa ganin fitar rai ba sai a kanta. Wanda ya karanta wannan ya ga magana ta hau kan magana, ya yi mini uzuri.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na ga an fara gyara ta. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba aka soma mayar da ita wata mata mai sanyin hali wadda ni ban taɓa zama da ita ba. Ina tsoron nan da shekara a manta da ta gaskiyar, a bar mu da ta bakin mutane.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fara. Ta shigo tana jan carbi, ta zauna, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ba ta da abokin faɗa." Matan da ke kusa da ita duk suka sunkuyar da kai. Kowa a layinmu ya san Gwaggo ba ta sake amsa gaisuwar tsohuwar nan ba tun ranar da akuyarta ta ci gyaɗar da aka shanya. Matar Baffa ƙanin mahaifina kuwa, wadda Gwaggo ke kira "sarauniyar kwanciya" a gaban idonta, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Na zuba mata ido ina neman alamar ƙarya, ban samu ba. Kukan gaske take yi.

Can sai ga wata mata daga Sabon Gari, Kirista ce, mai gidan abinci, wadda ta daɗe tana sayen man gyaɗa a wurin Gwaggo. Ta yafa ɗankwali, ta gaida kowa da irin Hausarta, ta zauna. Ta saurari yabon da ake yi na ɗan lokaci, sai ta ce, "Ku bar ni in faɗi gaskiya. Mama bakinta wuta ne. Ta zage ni, ta zagi mai keken da ya kawo ni, ta ce galan ɗina ya fi bola datti. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa gauraya mini mai ba. Yanzu wa zai zage ni ya ba ni abu mai kyau?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ita kuma ta rufe fuska da ɗankwalin ta fashe da kuka. A ranar ita kaɗai na ji ta yi maganar Gwaggon da na sani.

Ni ban yi kuka ba, kuma an lura. Amma ba wannan ne abin da ake raɗa a kaina ba.

Da aka gama yi mata wanka aka sa ta a likkafani, kafin maza su ɗauki makara, Baffa ya shigo tsakar gida. Shi ne ƙanin mahaifina, shi ne kuma babba a gidan yanzu. Ya tsaya ya ce, "Jama'a, ga 'yar'uwarmu za ta tafi inda ba a dawowa. Duk wadda ta saɓa wa, don girman Allah ta yafe mata." Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Sai ya juyo wurina. Ya ce, "Ummi, ke fa? Ke kika fi kowa zama da ita."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Babu abin da ya fito. Baffa ya jira, ya sake cewa, "Ummi?" Daga zaure wani ya ɗaga murya ya ce a hanzarta, hadari ya haɗo. Aka ɗauke ta aka fita da ita, ina tsaye, bakina a buɗe.

A Islamiyya an koya mana cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawansa, amma haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Tun daga ranar nan abin da ke cina ke nan. Gwaggo ta shiga kabari da haƙƙina a wuyanta, ni ce kuma na bar mata shi. Na ɗauka lokacin yafewa shi ne kafin a rufe ƙasa, ni kuwa na bari an rufe. Ko da rana tsaka na kasa shiga ɗakinta. In na ji ƙarar murfin tukunya sai in zabura.

Bari in faɗi wace ce ita, don a gane.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babbarsu. Ta yi aure ta haihu, 'ya'yan ba su zauna ba, auren ma bai zauna ba, ta dawo gidan ubanta ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mahaifina ya auri wata Bafulatana daga ruga, cikin masu kawo nono gari. Ni ce 'yar farinsu, aka sa mini sunan kakata, uwar su Gwaggo, shi ya sa ba a faɗin sunana a gidan sai dai Ummi. Da lokacin yaye ya yi aka kai ni ɗakin Gwaggo, kamar yadda aka saba, in ɗan kwana biyu har in manta da nono a mayar da ni. Ba ta mayar ba. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma wurin danginta, suka aiko dattijo ya zo karɓata. An ce Gwaggo ta tsaya a bakin zaure ta ce masa, "Ɗiyar ƙanina ce, sunan uwata gare ta. Ba za ta tashi tana bin bayan shanu ba." Haka na zama tata.

Idan na rufe ido, a bakin murhu nake ganinta. Zani ɗaure a ƙirji, gumi na bin wuyanta, tana juya gyaɗa a kasko. Ni ke murjewa in sheƙe ɓawon, in ɗauka a kai in kai inji. In an dawo da niƙan sai a zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan, muna juyawa da taɓarya har mai ya fara tsattsafowa ya taru a sama. Ba ta aunawa da komai. Da yatsa take taɓawa ta ce ya isa. Tunkuzar da ta rage mu mulmula ta a soya ƙuli. Hannuna na dama ya fi na hagu kauri har yau, aikin turmin nan ne.

Tana da maganganunta da duk wanda ya zauna da ita ya haddace. In na jingina da bango, "Tsaya daidai, ba a karkace aka haife ki ba." In na ce kaina na ciwo, "To in kin gama mutuwar ki zo ki sauke kaskon nan." In wani ya zo yana taya mai da rainin wayo, ba ta ko ɗaga kai, sai ta ce, "Ga hanya can, ba ta cika ba." Ba ta cin abinci da kowa a kwano ɗaya. Ba ta son a gode mata, in ka gode sai ta ce ka tashi ka ba ta wuri. Duk Juma'a tana aika ƙuli gidan wani makaho a Gangaren Tudu, ta kuma gargaɗe ni in aka tambaya in ce ban san wanda ya aiko ba.

Ta dake ni, ba zan ɓoye ba. Da muciya, da igiyar guga, da duk abin da hannunta ya kai. Amma 'yan layinmu da yawa an dake su, kuma da dukan ne kawai, da tun Baffa bai rufe baki ba na ce na yafe.

Ga abin da ya hana ni.

Ranar kasuwa mahaifiyata takan shigo gari da ƙwaryar nono. Takan biyo ta gidanmu, ta durƙusa a bakin zaure ta gaida Gwaggo. Ina nan zaune ina murzar gyaɗa, ba za ta kalle ni ba. Ba za ta kira sunana ba. Sai dai ta ce, "Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Yaya yara?" Ta ajiye ɗan curin man shanu a kan faifai, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Tana fita Gwaggo za ta juyo ta ce, "Kin gani ko? Ko kallo ba ki ishe ta ba. Wannan ce uwa? Ni ce uwarki, ni ce ubanki, ki riƙe wannan."

Na riƙe kuwa. Yaro abin da aka gaya masa shi yake gani. Na tashi ina ganin akwai wani abu a jikina da ya sa wadda ta haife ni ba ta iya ɗaga ido ta dube ni. Nakan tsaya gaban madubin Gwaggo ina neman abin.

Ina firamare, wata rana mahaifiyata ta ce wa Gwaggo, cikin ladabi, wai akwai karsana da kakana na ruga ya ware da sunan "yarinyar", ko za a bari ta zo hutu ta gan ta. Gwaggo ta miƙe. Abin da ta faɗa a ranar ba zan rubuta shi ba. Mutane sun fito daga gidajensu. Ƙarshensa dai ta ce kada ta sake tako mata ƙofar gida. Daga nan sai dai in hango ta jefi-jefi a gindin mangwaron da ke kusa da famfon unguwa, ta sauke ƙwarya kamar mai hutawa, fuskarta na kallon wani wajen, daidai lokacin da muke tasowa daga makaranta.

Sai da na shiga babbar sakandare na gane. Wata ƙawata Bafulatana ce na ba labari, ina ba ta ina jin kunya. Ta kalle ni ta kwashe da dariya. Ta ce, "Ke ba 'yar fari ba ce? To me kike so ta yi, ta goya ki? Innata ba ta taɓa faɗin sunan yayata ba. In tana ɗaki ma ba ta shiga. Amma ranar da aka ce yayata ba ta da lafiya, kwana ta yi ba ta ci abinci ba. Kunya ce, wawiya, ba ƙi ba ne."

Na dawo gida. Abin da ya fi ƙona ni shi ne Gwaggo ta sani. Ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ita kanta 'yar fari ce, kuma da bakinta ta sha gaya mini, tana alfahari, cewa har kakata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda mutanen da suna da kunya. Ta san ma'anar kawar da kan nan sarai. Ta ɗauki abin da ta sani ta juya shi ta ba ni a kife.

A bakin turmi na same ta. Na ce, "Gwaggo, ashe kunya ce take ji, ba ƙina take yi ba?"

Taɓaryar ta tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon cikin turmin. Na ɗauka duka zan sha, har na gyara tsayuwa. Sai ta ce, "Ruwan nan ya huce. Iza wuta."

Shi ke nan. Ba ta ƙara cewa komai ba a kai har ta mutu. Ta dai daina faɗin "ni ce uwarki". Ni kuma na rasa yadda zan yi in doshi gindin mangwaron nan. Shekaru sun riga sun gina katanga, ban san ta inda ake shiga ba.

To ga inda kaina ke ɗaurewa. Matar da ta yi mini wannan, ita ce dai wadda zan ba da labarinta yanzu.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare, ta aike ni kai mai Sabon Gari, ɗan acaɓa ya kwashe ni a kwana. Kafin a ɗaga ni daga ƙasa labari ya kai gida. Mutane sun ce sun ga Gwaggo tana gudu a titi ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, matar da ko zaure ba ta leƙawa sai ta lulluɓe. Ta iso ta ci kwalar ɗan acaɓan, sai da maza suka ɓamɓare hannunta. Ta goya ni, ina budurwa ƙafafuna na jan ƙasa, har bakin titi inda aka samu keke. A asibiti ita ke ba ni kunun gyaɗa a baki, tana hura kowane cokali, tana cewa, "Idonki a ƙeya yake? Babur guda ba ki gani ba? Buɗe baki." Kunun na ta zuba a zanina.

Akwai kuma rigimarta da Baffa. Wata hajiya ta zo neman yarinyar da za ta tafi da ita Abuja aikatau, Baffa ya ga ai ga ni, makaranta kuma sai cin kuɗi. Ya shigo yana lallaɓa maganar, yana cewa gidan mutunci ne, har firji da janareta. Gwaggo ta bari ya gama tsaf. Ta ce, "Ka gama? To ji nan. In dukan yarinyar nan ya kama, ni zan dake ta, ba wata matar Abuja ba. In wanke-wanke ne, ga nawa nan bai ƙare ba. Makaranta kuwa sai ta ga ƙarshenta ko da turmin nan zan sayar. Kana da 'ya'ya mata a ɗakinka, ka ba ta ɗaya." Baffa ya yi wata bai shigo sashenmu ba. Na gama sakandare, da man gyaɗa aka biya mini kuɗin jarrabawa.

Bara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ƙawayena suna ta neman gurbin karatu, ni ina juya Gwaggo a kan katifa, ina yi mata wanka, ina wanke abin da ba a faɗa. Matar Baffa ta taɓa ce mini, "Ke kam Ummi Allah ya yi miki zuciya. Bayan duk abin da ta yi miki?" Ba haƙuri ba ne, don raina na ɓaci. Wani lokaci ina goge mata baki ina jin haushinta har cikin haƙorana. Amma in wani ya zo ya ɗaga ta da ƙarfi, sai in ji kamar ni aka ja. In kunu ya yi zafi, da hannunta mai lafiya take mintsinina, ni kuma maimakon in ji haushi sai in ji daɗi, in ce ashe tana nan.

Na yi ta tunani a kan wannan. Ina ganin ba ni da wata ƙuruciya sai wadda ta ba ni. Yadda nake ɗaura zani nata ne. Yawan gishirin da nake so a miya nata ne. Ko tsakin da nake ja in raina ya ɓaci, in na ji shi sai in waiga, don muryarta ce. Da wane hannu zan ture ta, alhali hannun ma ita ta koya masa aiki? Wanda ya cuce ka daga nesa kana iya share shi. Wanda ya cuce ka yana ba ka abinci a baki, cutar da abincin tare suka zama naman jikinka.

Ranar da za ta rasu na ga numfashinta ya canza. Ba kowa a sashenmu. Na ɗora kanta a cinyata. Ta kafa mini ido, leɓenta na motsi, tana ta ƙoƙarin fitar da wata magana. Na kai kunnena, iska kawai nake ji. Ban sani ba ko gafara take nema, ko ruwa take so, ko cewa take yi in gyara zama. Na ɗiga mata ruwa, na yi ta maimaita mata kalmar shahada, har na ji nauyinta ya sauya. Ba zan taɓa sanin me ta so faɗa ba. Ina jin shi ya sa da Baffa ya tambaye ni na kasa. Ina jira ne ta fara.

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, ana ta rabon waina, sai tsakar gida ta yi tsit. Mahaifiyata ce ta yi sallama, da babbar ƙwarya a kai, fura da nono na sadaka. Rabonta da gidan tun ranar da aka kore ta. Na ji matar Baffa ta ce ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah, har da ita?" Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa ta yi wa kowa gaisuwa, ta dubi ƙofar ɗakin Gwaggo, sai hawaye. Ba ta yi sauti ba, zuba kawai suke yi tana sharewa da gefen mayafi.

Na gudu na shige rumfar da muke aikin mai, na zauna a bayan buhunan gyaɗa. Jim kaɗan na ji tafiya. Ta shigo ta zauna a kan kujerar Gwaggo 'yar tsugunne, ta ba ni gefe, ta fuskanci turmi. Ta tsufa fiye da yadda nake hangowa daga nesa. Da ta yi magana, turmin ta yi wa.

Ta ce, "An ce wata ta ƙi magana ranar jana'iza."

Na ce, "Ba ƙi na yi ba. Kasawa na yi."

Ta gyaɗa kai. Ban san da me zan kira ta ba, ban taɓa kiran ta da komai ba, don haka na yi tambayata a haka. Na ce, "Ke kin yafe mata?"

Ta ɗan yi murmushi, har yanzu turmin take kallo. Ta ce, "Ni? Na yafe ya fi a ƙirga. Sai kuma in janye. In na tuna ranar da ta tara mini jama'a a ƙofar gidan nan, sai in ce Allah ya isa. In na zauna gindin mangwaro na ga yarinyar ta wuce, kai a kitse, ƙafa da takalmi, littafi a hannu, sai in ce to na yafe. Haka muka yi ta yi da ita shekara da shekaru, ita ba ta ma sani ba."

Na ce, "To me ya sa kike mata kuka?"

Ta sa yatsa tana bin bakin turmin inda mai ya sa ya yi sulɓi. Ta ce, "Wa ya rage da ya san yarinyar tana ƙarama? Ita ta ga faɗuwar haƙorinta. Ita ta san me take tsoro, me ke sa ta dariya, wace cuta ta yi da wace shekara. Ni ban ga ko ɗaya ba. Ina cewa wata rana za mu tsufa ni da ita, faɗa ya ƙare, in zo in zauna a nan ta ba ni labari. Ko tana zagina ne, ta dai ba ni. Yanzu ta tafi da shi duka."

A nan kukan da ya ƙi zuwa tun ranar Talata ya zo. Na ce, "Na makara. An riga an rufe ta. Na bar ta da shi."

Ta ce, "Motar kasuwa ce da za ta cika ta tashi ta bar mutum? Allahn da ake faɗa don ya ji yana nan, bai je ko'ina ba." Ta gyara mayafi. "Kuma ba wanda ya ce dole a yi ƙarya. Mai magana ta faɗi abin da aka yi mata tukuna."

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji matan tsakar gida sun yi shiru. Na ce, "Gwaggo, ba ki yi daidai ba. Kin san kunya ce, kika ce mini ƙi ne. Kin sani, Gwaggo. Kin bar ni ina neman aibu a jikina." Na faɗi wasu abubuwan da ban ma san suna cikina ba. Da na gama na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sauran maganar ta fito da kanta, ba wuya. Na ce, "Na yafe miki. Duniya da lahira na yafe miki."

Mahaifiyata ta shafa fuska ta ce amin. Ta miƙe ta fita, ba ta dube ni ba. A tsakar gida na ji tana sallama da matar Baffa, ta ɗaga murya yadda zai iso rumfa. Ta ce, "A gaya wa mutanen gidan nan damina ta yi kyau, nono ya yi mana yawa a ruga, ba masu sha."

Zan je. Ban san me zan ce ba in na isa, amma zan je.

Wannan ita ce Gwaggo, ba ragi ba ƙari. Mai zafin baki, mai tsabtar sana'a, wadda ta raba ni da uwata ta kuma yi gudu a titi ba mayafi saboda ni. Wanda ya san ta ya yi mata addu'a a yadda ya san ta, ba sai ya gyara ta ba.

Ba zan ce komai ya wuce ba. Jiya ina shara na tuna madubin nan, na ji zuciyata tana neman janyewa, sai da na ajiye tsintsiya na zauna na sake faɗa. Wataƙila haka za mu yi ta yi ni da ita.

Ya Allah, ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta da ba su zauna ba. Abin da ke tsakanina da ita na sauke shi ranar bakwai, a gaban uwata. In ka ji gobe na sake ɗauka, kada ka kama ta da shi. Ka riƙe maganata ta ranar nan, ita ce ta gaskiya.